Ba Ruwa Hanya: Daidaita Ƙasar Gida Domin Hana Kwanciyar Ruwa da Zaizaya

Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar damina ta kankama, labari iri ɗaya a ke ji daga garuruwanmu: katanga ta faɗi, ɗaki ya rufta, ruwa ya shiga rumbu, ko ya ci hanyar unguwa. Mutane su kan ce ruwan bana ya yi yawa, wani lokaci kuwa gaskiyarsu ce. Ambaliyar kogin Ogunpa da ta auka wa Ibadan a 1980, da ta 2012 wadda Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa ta ce ta hallaka mutum 363 ta kuma raba fiye da miliyan 2 da muhallinsu, da ta 2022 wadda ta ci rayuka fiye da 600, duk masifu ne da suka fi ƙarfin mai gida ɗaya.

Amma akwai wata ɓarna da ba ta jiran kogi ya cika. Ita ce ta ruwan da ya sauka a kan rufin mutum da tsakar gidansa, ya rasa hanyar fita, ya kwanta a gindin bango yana cinsa a hankali. Maganin wannan yana hannun mai gida. Ba ya bukatar injin, ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Abin da ya ke bukata shi ne awo, da shebur, da haƙuri. Wannan darasi zai bayyana yadda a ke daidaita ƙasar gida, watau a ba ta gangaren da ya dace, domin ruwa ya bar jikin gini ya bi hanyar da aka shirya masa, ba tare da ya cutar da mai gida ko maƙwabcinsa ba.

1. Yawan Ruwan da ke Sauka a Gidanka

Masana yanayi suna auna ruwan sama da milimita. In an ce an yi ruwa milimita 1, ma'anarsa lita 1 ta sauka a kan kowace murabba'in mita ɗaya ta ƙasa. To, a ce rufin gidanka yana da tsawon mita 10 da faɗin mita 10, watau murabba'in mita 100 ke nan. Idan aka yi ruwa milimita 30 a dare ɗaya, wanda ba abin mamaki ba ne a tsakiyar damina, rufin nan zai zubo da lita 3,000. Durom 15 ke nan na irin mai cin lita 200. Ka tsaya ka yi tunani: da wani zai zo ya tuntsurar da durom 15 na ruwa a gindin bangonka cikin dare, ai da safe sai an kai ƙara gaban mai unguwa. Ga shi kuwa indararonka yana yin haka sau da yawa a shekara, ba wanda ya kula.

Ruwan ƙasarmu ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A Fatakwal da Kalaba ya kan wuce milimita 2,000 a shekara. A Sakkwato da Katsina bai cika kai milimita 800 ba. Kada mutumin Arewa ya ruɗu da ƙarancin nan, gama ruwan nasa a cikin 'yan watanni ya ke sauka, galibi Yuli da Agusta, da ƙarfi kuma, a kan ƙasar da rani ya ƙone mata ciyawa. Saboda haka darasin nan ya shafi Bahaushen Sabo a Ibadan da na Agege a Legas kamar yadda ya shafi na birnin Kano da na Gusau.

2. Ɓarna Iri Biyu

Ruwa yana ɓarna yana kwance, yana kuma ɓarna yana gudu.

Ruwan da ya kwanta ya kan jiƙe ƙasar da ke ɗauke da harsashin gini har ta yi laushi, sai gini ya nutsa ta gefe ɗaya, bango ya tsage. Bangon ƙasa kuwa tsotsar ruwa ya ke yi daga gindi, ya rududduge, ya kasa ɗaukar nauyin da ke kansa. Ƙasa mai laka, irin baƙar ƙasar nan ta yankin Tafkin Chadi da a ke kira firki, kumbura ta ke yi in ta sha ruwa, ta tsuke in ta bushe, wannan motsi kuwa ya kan tsaga ko da ginin siminti ne. Danshi yana jawo gara. Bugu da ƙari, sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ƙaramin ruwa kwantacce da rana ke dukansa, cikin mako ɗaya zuwa kwana 10 ƙwansa ya zama sauro mai tashi. In kuma ruwan ya cika masai ya tumbatso, ya gangara wajen rijiya, an buɗe wa amai da gudawa ƙofa ke nan.

Ruwa mai gudu shi ne ke zaizayar ƙasa. Ɗigon ruwan sama ya kan farfasa fuskar ƙasar da ba ta da ciyawa, malalen ya kwashe ta. Idan gudun ruwa ya ninka biyu, ƙarfin bugunsa ninkawa huɗu ya ke yi. Da fari 'yar siririyar hanya za ka gani kamar an ja sanda, baɗi ta zama rami, in aka ƙyale ta ta zama kwazazzabo. Kwazazzaban Nanka a Jihar Anambra, da na Auchi a Jihar Edo, da na cikin garin Gombe, sun cinye gidaje da gonaki da hanyoyi. Domin irinsu ne Gwamnatin Tarayya, da taimakon Bankin Duniya, ta fara shirin NEWMAP a 2013. Gyaran babban kwazazzabo aikin injiniyoyi ne mai cin dukiya. Hana ƙaramin ya girma kuwa aikin mai gida ne. Ice tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Manufarmu ke nan a tsakanin waɗannan biyu: kada ruwa ya tsaya, kada kuma ya yi gudu. Tafiya a ke so ya yi a hankali.

3. Bincike Kafin Aiki

Damina ce lokacin bincike, rani lokacin gyara. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ka fita ka zagaya gidanka yayin da a ke tsakiyar yinsa, ka sake zagayawa bayan ya ɗauke. Ka lura da abubuwa huɗu: inda ruwa ya ke shigowa, ko daga rufi ko daga titi ko daga gidan maƙwabci, hanyar da ya ke bi, inda ya ke kwanciya, da inda ya ke fita. Ka kafa turaku a gefen kowane wurin da ya kwanta, domin in rani ya yi ba za ka iya gane shi da ido ba. Duk inda ruwa ya kwana ya yini bai tafi ba, akwai gyara a nan.

Ka dubi jikin bango kuma. Gansakuka, da ɓaɓɓakewar yaɓe ko fenti daga ƙasa, da farin gishiri-gishiri a jikin bulo, da ƙofar da ta fara cijewa, duk shaida ce ruwa yana zama a gindin ginin.

Sa'an nan ka gwada ƙasarka. Haƙa rami mai zurfin santimita 30 da faɗi kamar haka, ka cika shi da ruwa, in ya shanye ka sake cikawa. Idan ruwan na biyu ya tafi cikin 'yan sa'o'i, ƙasarka jigawa ce mai shan ruwa. Idan ya kwana yana nan, laka ce, sai ka dogara ga gangare da magudana, kada ka sa rai ƙasa za ta shanye maka shi.

Kafin ka sa diga a ƙasa, ka tabbata ka san inda bututun famfo da wayar lantarki da bututun bayan gida suka bi. Ɗan haya kuwa ya shawarci mai gidan tukuna.

4. Ƙa'idar Gangare

Ƙa'idar da magina ke bi a ƙasashe da yawa ita ce: daga gindin bango zuwa nisan mita 3, ƙasa ta sauka da santimita 15. Ga masu awo da ƙafa, inci 6 ke nan a cikin ƙafa 10. A taƙaice, santimita 5 a kowace mita.

Bayan mita 3 ɗin nan, saukar santimita 2 a kowace mita ta wadatar har zuwa mafita. Wurin da aka yi wa daɓen siminti ma santimita 2 a kowace mita ya ishe shi, da ya ke ruwa ba ya samun abin da zai riƙe shi a kai.

Akwai sharaɗi na biyu da bai kamata a manta ba. Ƙasar waje a gindin bango ta kasance ƙasa da daɓen ɗaki da aƙalla santimita 15. Waɗansu in sun ga ruwa yana damunsu sai su tula ƙasa a jikin bango har ta haura daɓen ciki. Wannan kuskure ne babba, gama danshi zai bi ƙasar nan ya ratsa bango ya shiga ɗaki. Idan babu sararin yin ciko, sai a sassabe ƙasar da ke nesa da bango a rage mata tsawo, gangaren ya samu ta haka. A tsofaffin unguwanni inda titi ya riga ya haura tsakar gida, sai a ɗaga dokin ƙofa, a nemi shawarar magini a kan cike tsakar gidan da ɗaga daɓen ɗakuna.

5. Yadda A Ke Awo

Ido yana yaudara, kada a dogara gare shi. Kayan awon su ne: turaku, da igiya ko zare mai ƙwari, da tef na awo, da siririn tiyo garai-garai wanda a ke ganin ruwan cikinsa, mai tsawon mita 6 ko fiye. Hikimar tiyon ita ce, in aka cika shi da ruwa aka ɗaga bakunansa biyu, ruwan ya kan tsaya a tsayi ɗaya a kowane baki, komai rashin daidaiton ƙasar da ke tsakani. Sai dai a tabbata babu kumfar iska a ciki. Mutum biyu ke yin aikin.

Na farko, a kafa turke a gindin bango, a yi masa alama a daidai inda a ke so fuskar ƙasa ta tsaya. Daga alamar nan a auna santimita 30 sama, a yi alama ta biyu.

Na biyu, a kafa wani turke a nisan mita 3 daga bango. Mutum ɗaya ya riƙe bakin tiyo a jikin turken farko, a yi ta ɗagawa ko saukewa har ruwan ya daidaita da alama ta biyu. Ɗayan kuma ya yi alama a turkensa daidai inda ruwa ya tsaya.

Na uku, daga alamar da ke jikin turke na biyu a auna santimita 45 ƙasa, watau 30 na farko da 15 na gangare. Nan ne fuskar ƙasa za ta tsaya. In awon ya ƙare a sama da ƙasar da ke wurin, ciko a ke bukata. In ƙasa ta tare shi kafin ya cika, sai a sassabe.

Na huɗu, a ɗaura igiya daga alamar ƙasa ta turken farko zuwa ta na biyu, a ja ta ta miƙe. A maimaita haka a kowace mita 2 a tsawon bangon. Igiyoyin nan su ne jagoran shebur.

Ga lissafin ƙasar da za a nema. A ce bangon mita 10 ne, filin kuma a shimfiɗe ya ke, za a ɗaga shi da santimita 15 a gindin bango ya tafi yana raguwa har mita 3. Sai a ce 10 sau 3 sau 0.15, a raba biyu, ya ba da mita 2.25 ta cikin kwando, watau lita 2,250. Da ya ke ƙasa tana raguwa in an daɓe ta, a tanadi kamar baro 40.

6. Ciko da Daɓe

A fara kankare ƙasar sama mai taki da saiwoyi, a tara ta gefe, za a bukace ta daga baya. Ƙasar ciko mafi kyau ita ce jar ƙasa, ko wadda ta haɗa yashi da 'yar laka. Yashi zalla ko tsakuwa a gindin bango ba su da amfani, domin ruwa ratsa su ya ke yi ya sauka ga harsashi. Shara da juji kuwa kada a kusance su: suna ruɓewa, ƙasa ta lotsa, ramin da aka cike ya dawo.

Kada a zuba ƙasar gaba ɗaya. A shimfiɗa kaurin santimita 10, a yayyafa ruwa, a daɓe da madaɓi sosai, sa'an nan a ƙara wani. Gwajin danshi mai sauƙi ne: ka dunƙula ƙasar a hannu, in ta riƙe siffarta ba ta ɗigar da ruwa ba, ta kuma farfashe da ka sake ta ta faɗi, to, ta yi daidai. In an gama, a baje da manjagara, a zuba bokiti biyu ko uku na ruwa a gindin bango a ga inda ya nufa. Ruwa ba ya ƙarya.

Daga nan sai a rufe ƙasar, gama ƙasa tsirara ita ce abincin zaizaya. A tsakar gida a yi daɓe, ko a shimfiɗa tsakuwa a sama. A bayan gida a mayar da ƙasar saman nan da aka ajiye, a dasa kiri-kiri, ciyawar da ke yaɗo tana kama ƙasa. Amma kada a shafe fili duka da siminti ba dalili, domin duk ruwan da ƙasarka ba ta sha ba titi zai tafi, ko gidan wani.

7. Indararo da Magudana

Mafi yawan ruwan gida daga rufi ya ke zuwa, saboda haka a nan ya kamata a tare shi. In da hali a sa bututu ya kai shi cikin durom ko tanki mai murfi, a sami ruwan wanki, a kuma rage malale. In babu hali, a shimfiɗa duwatsu ko falalen siminti daidai inda indararo ke zuba, mai karkata waje, domin ya karya ƙarfin ruwan. A kewaye ginin da dakali mai faɗin santimita 60 zuwa mita 1, shi ma mai karkata waje. Iyayenmu sun san wannan: ba banza su ke tsawaita indararo, su yi wa soro yaɓe da makuba ko katsi kafin damina ba.

Inda gangaren bango biyu suka haɗu, a yi magudana mai faɗi marar zurfi, kamar faranti, mai sauka santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, a shimfiɗa mata duwatsu ko ciyawa. Magudana mai faɗi ta fi tsukakkiya, domin ruwa ya kan bazu a cikinta ya rage gudu. Rariyar da ke fitar da ruwa ta cikin katanga ta kasance a wuri mafi kwari na gidan, mai faɗin da zai ishi ruwan dare ɗaya, da raga a bakinta.

In babu kwata a titinku, ƙasar kuma mai shan ruwa ce, a haƙa ramin shanye ruwa mai zurfin mita 1 zuwa ɗaya da rabi, a cika shi da duwatsu, nesa da kowane gini da aƙalla mita 5. Kada a juya ruwan sama cikin masai ko ramin bayan gida. Bakin rijiya kuma a ɗaga shi, a yi masa daɓe mai karkata waje ta kowane gefe.

8. Gidan da ke Kan Gangare

Wanda gidansa ya ke a jikin tudu, matsalarsa gudun ruwa ce. A haƙa magudana a saman gidan, a gicciye, ta tare ruwan da ke gangarowa ta kewaya da shi gefe. Dogon gangare a yanka shi hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da jerin duwatsu a bakinsa, kamar yadda mazauna duwatsun Gwoza suka daɗe suna yi a gonakinsu. A dasa jema a jere, a gicciyen gangaren. Saiwarta tana nutsawa ƙasa ƙwarai, ganyenta kuma yana tace ƙasar da ruwa ya ɗauko.

In 'yar kwazazzabo ta fara, a fara da kawar da ruwan da ke shiga kanta, sa'an nan a jera ƙananan shingayen duwatsu ko buhunan yashi a cikinta, tsakiyar kowanne ta fi gefensa kwari domin ruwa ya bi ta kai. Wadda ta kai zurfin mutum, ko ta kusanto gini, ta wuce aikin gida. A sanar da ƙaramar hukuma da Ma'aikatar Muhalli ta jiha ba tare da jinkiri ba, a kuma hana yara wasa a bakinta.

9. Haƙƙin Maƙwabci

Wanda ya fitar da ruwa daga gidansa ya jingina shi da katangar maƙwabci bai yi gyara ba, ƙaura ya yi wa matsalar. Rigingimu da yawa da ke zuwa gaban masu unguwa da alƙalai a damina daga nan su ke tasowa. Kafin ka buɗe sabuwar rariya, ka yi magana da wanda ke ƙasa da kai. Kada a yi gini a kan hanyar ruwa, kada a zuba shara ko leda a kwata. Mafi kyau mutanen layi ɗaya su taru su yi aikin gayya, a yashe kwata tun daga sama har inda ta faɗa babbar lambatu, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

10. Kulawa

Sabon ciko ya kan lotsa a daminar farko. Bayan ruwan fari a duba, a cike inda ya faɗa. Kowace shekara kafin bazara ta ƙare a share indararo da rariya da magudana, a sabunta yaɓen gindin bango. Aikin yini ɗaya ne, ya kan ceci ginin shekara da shekaru. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi Domin Nazari

1. Rufi mai murabba'in mita 60 aka yi masa ruwa milimita 40. Lita nawa zai zubo? Durom nawa ke nan?

2. Da santimita nawa ya kamata ƙasa ta sauka a cikin mita 3 na farko daga bango?

3. Don me ba a tula ƙasa a jikin bango har ta haura daɓen ɗaki?

4. Faɗi abubuwa huɗu da za ka lura da su a gidanka ranar da a ke ruwa.

5. Ina ruwan gidanka ya ke zuwa bayan ya fita daga rariya, wa kuma ya ke samu a can?

Wanda ya karanta wannan takarda, muna roƙonsa ya karanta wa waɗanda ba su iya ba, a zaure ko a ajin yaƙi da jahilci, a kuma gwada awon tiyo tare a fili domin kowa ya gani da idonsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu sharrinta.